Gashin Jelar Gimbiya

Ranar da aka aske jelar shanun maƙwabtanmu, ina kan keken ɗinkina ina fama da rigar wata mata da ta rantse ba ƙiba ta yi ba, yadin ne ya tsuke. Tagar ɗakin ɗinkina rumfar shanunsu take kallo, katanga ce kawai a tsakaninmu, ita ma gajeriya. Ba gulma ce ta sa nake ganin abin da ake yi a gidan ba. Magini ne ya sa tagar a nan, ni kuma ban taɓa ganin dalilin sa mata labule ba.

Auta ne riƙe da almakashi. Shi ne ƙaramin ɗan gidan, kuma da sunansa aka yi wa garken rajista a kamfanin madara tun rasuwar mahaifinsu. Yana bin shanun ɗaya bayan ɗaya yana datse musu gashin jela har kusa da fata, yana cusawa a wani tsohon buhu. Yayarsa tana biye da shi tana dogara sanda, tana tambayarsa me shanun suka yi masa, ga shi lokacin ƙuda ne, da me za su kori ƙuda. Ya ce tsafta ce, kamfani ne ya ce a yi. Da ya gama ya kai buhun bayan rumfa ya antaya masa kananzir ya ƙyasta ashana. Ƙaurin gashi ya cika unguwa, ya shiga har cikin kayan mutane da na rataye.

Kowa Yaya yake ce mata, har uwar da ta haife ta. Ta haura hamsin, ba miji ba ɗa, shanun nan su ne aikinta, su ne abokan hirarta. Ita ke ba su abinci, ita ke tatsa, ita ke gane wadda za ta kwanta tun kafin ta kwanta. A farkon shekarar ta zame a kan jiƙaƙƙen simintin rumfar, ƙugunta ya karye, ta shafe watanni a asibiti. Da ta dawo sai ta tarar busasshiyar ciyawar da ake jibgewa har rufin ɗakin ajiya babu ita, sai wasu buhuna marasa rubutu da Auta ke kawowa a bayan motar madara. Ta kwance ɗaya ta shinshina, ta ce wannan ai warin kashin kaji ne da garin katako. Auta ya ce sabon haɗi ne na zamani, hancinta ne bai dawo daidai ba tun maganin barcin da aka yi mata. Ta kai ƙara wajen Inna, mahaifiyarsu, Inna ta ce ta ƙyale yaro ya yi harkarsa, shi ya san kasuwa. Babu komai a ɗakin ajiya sai buhunan nan, shanu kuma suna kukan yunwa, sai ta zuba musu.

Kamfanin da ke sayen madararsu kuwa sharaɗinsa ɗaya ne, kuma a kansa gidan yake ci yake sha: saniya ciyawa za ta ci, ɗanya ko busasshiya, ba ƙarin komai. Abin da suka rubuta a jikin kwalinsu ke nan, har da hoton saniya tana murmushi a cikin fadama. Auta ya ji a bakin direbobi cewa kamfani ya fara turo mai ɗibar gashin jela, wai akwai na'urar da ke faɗin abin da saniya ta ci. Sai ya yi lissafinsa irin na masu wayo, ya ce in babu gashi ai babu magana.

Mai ɗibar gashin ta zo da hantsi, wata gajeriyar mace mai tabarau da takalmin roba har gwiwa. Malama muke ce mata. Ni ma a daidai lokacin ne na tuna ina bukatar madara, na ɗauki kwano na shiga. Malama ta tsaya ta dubi jelar shanun, kowace guntuwa kamar tsintsiyar da ta ƙare. Ta sa safar hannu, ta ciro hantsaki, ta shiga tsige ɗan abin da ya rage daga gindinsa, tana duba lambar da ke kunnen kowace saniya tana rubutawa a bayan 'yar ambulan. Yaya ta matso ta tambaye ta ko da zafi, kuma me gashi zai gaya wa mutum.

Malama ta yi mata bayani ba tare da ta daina aikinta ba. Ta ce akwai wani sinadari, naitrojin, yana cikin duk abin da dabba ke ci. Iri biyu ne, ɗaya ya ɗan fi ɗaya nauyi, kuma ba sa ruɓewa, ba sa rikiɗa. Aisotof suke ce musu a wajen aikinsu. Ciyawa ba ta da mai nauyin da yawa, amma kashin kaji da garin kifi da garin ƙashi cike suke da shi. Abin da saniya ta ci yakan shiga jininta, jinin ya gina gashi, gashin da ya riga ya fito kuma ba ya sake canjawa. A ɗakin gwaji sukan yayyanka sili ɗaya guntu-guntu, su ƙona kowane guntu a na'ura su auna. Na kusa da fata abincin kwanan nan ne, na can ƙarshe na watannin baya ne, kuma in gashin ya yi tsawo yakan kai mutum har bara.

"Wanda ya aske su tsohon labari ya zubar," in ji ta. "Sabon yana nan a gindi."

Na dubi Auta. Yana tsaye jikin ƙofar rumfa, ya shiga neman wani abu a aljihunsa wanda babu shi a ciki.

Sakamako ya fito kamar yadda duk mai hanci ya san zai fito. Wakilin kamfani ya zo da kansa, wani dogo mai yawan duba agogo, ya shimfiɗa musu doka. In mai garke ya san abin da ake yi, an yanke hulɗa da shi ke nan har abada. In kuwa wani ne a ƙarƙashinsa ya yi ba da saninsa ba, gargaɗi ne, amma dole a raba wannan mutumin da gonar gaba ɗaya, kada a ƙara ganinsa a inda shanu suke.

Ban taɓa ganin ƙarya ta nuna da wuri kamar ta ranar ba. Auta ya sunkuyar da kai, ya ce abin kunya ne ya faɗa a gaban baƙi, amma shi kullum yana kan hanya da madara, ciyarwa a hannun yayarsa take. Ya ce tun da ta dawo daga asibiti kanta ba daidai yake ba, ashe kashin kaji take aikawa a ɗebo mata tana zuba wa shanu, shi ma kwanan nan ya gane. Ya ce lokacin da take kwance shi ne ke ba su abinci da hannunsa, kuma ciyawa ce zalla. Wakili ya tambayi Malama ko gashin zai nuna haka. Ta ce abin da ta samu gajere ne, iyakarsa watannin da Yaya ta yi a gida bayan dawowarta, kuma duk da kashin kaji a ciki. Wurin da zai nuna ranar da aka fara, shi ne aka ƙona. Wautar da Auta ya yi sai ta zame masa mafaka.

Yaya tana tsaye tana jin duk wannan, bakinta a buɗe. Ta juya wajen Inna tana jiran ta yi magana. Inna tana kan kujerarta a bakin ƙofa tana gyara ɗankwali, idonta a kan ƙafarta.

Daga ranar aka sa wa rumfar kwaɗo. Aka ɗauko wani ƙato mai tatsa wanda yake jan nonon saniya kamar yana jan guga, shanun suna harbi yana dukansu da igiya. Ƙuda ya same su yadda yake so, suna ta kaɗa guntun jela a banza, bayansu duk ya yi gyambo. Yaya takan tsaya a bayan wayar da aka kewaye rumfar da ita, da tsohon zane a hannu tana kaɗawa, wai ko iskar za ta kai musu. Iskar ba ta kai ko'ina, amma haka take yini.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda suka shiga yi wa ƙaryarsu ban ruwa. Tun da an ce kanta ba daidai ba, to dole a gani. Aka ɗauke wuƙaƙe daga inda hannunta zai kai. In za a yi mata magana sai a ɗaga murya a ja kalma, kamar ana magana da kurma. Matar Auta ta fara janye yaranta in sun hau cinyar gwaggonsu, yaran da Yaya ta goya da wannan ƙugun kafin ya karye. In baƙo ya shigo sai a yi masa raɗa, ya gaishe ta da "ya jiki" yana ja da baya. Ta ce lafiyarta ƙalau, suka ce ai duk haka suke cewa. Ta ɗaga murya, suka ce ga shi nan ya motsa. Ta yi kuka, suka ce sai an ƙara mata magani. Kafin wata ya ƙare mutanen unguwa da suka sha madarar hannunta shekara da shekaru sun fara tsallaka titi in sun hango ta.

Sai kuma aka ce ɗakinta ya cika kusa da rumfa, in wakili ya dawo zai ce ba a raba ta da shanu ba. Aka kwashe katifarta aka kai ta wani lungu da ake ajiye tsofaffin tayoyi da batirin mota. Aka ce na ɗan lokaci ne, kafin a shirya mata tafiya wajen wata 'yar uwar Inna a wani gari mai nisa, matar da Yaya ba ta taɓa gani ba, wadda ita ma ba ta ce ta yarda ba. Mace mai dogara sanda, wadda ba ta san aikin komai ba sai shanu, ita za a ɗora a mota a aika inda ba a kira ta ba.

Kowa a gidan da hujjarsa, kuma kowa da fuskar tausayi yake faɗinta. Auta ya ce magana ce ta takarda kawai, in ƙura ta lafa zai je ya ɗauko ta da kansa. Ya ce shi ma ba barci yake yi ba, kowa ya san yadda ciyawa ta yi tsada, kuma bakin mutum nawa ne a wuyansa. Matarsa ta ce ita shigowa ta yi, ba ta shiga tsakanin 'yan uwa. Na tare Inna na ce mata wannan abu ba ya yi wa Allah daɗi, ta ce min Yaya ita ce babba, babba kuma da haƙuri aka san shi, sannan ta tambaye ni ko na rasa ɗinki ne a gidana.

Wata yamma Yaya ta shigo ɗakin ɗinkina ta zauna a kan buhun ƙyallaye. Ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Ta daɗe tana kallon ƙafar keke tana hawa tana sauka.

"Tela, ke ma kina ganin na taɓu?"

Na ce in ita ta taɓu to ni tuni na yi kasuwa tsirara. Ba ta yi dariya ba. Ta ce Auta bai dame ta ba, ta san halinsa tun yana tsumma. Inna ce damuwarta. Inna ta tsufa, ba ta fita, abin da aka gaya mata shi take ji, kuma ga dukkan alama ta yarda da maganar Auta. Ta ce da Inna za ta san ba ita ba ce, ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta bari a fitar da ita daga gidan ubanta ba. Wannan shi ne abin da ta riƙe, kuma ban ga yadda zan ƙwace mata shi ba.

A nan zaune ta tuna da Gimbiya. Tsohuwar saniya ce, Yaya ta sa mata sunan don ba ta cin abinci sai an wanke komin da ake zuba mata a ciki. Nononta ya ja baya, Auta ya sayar da ita ga mahauci kafin ranar aski. Ita kaɗai ce a garken ta fita da jelarta cikakkiya, dogon gashi har yana share ƙasa.

Muka nemo lambar Malama a wajen direban tankin madara muka kira ta. Ta ce ko mun kawo mata gashi a hannu ba za ta karɓa ba, don ba wanda zai yarda daga ina ya fito. Sai saniyar tana da rai, da lambarta a kunne, ita kuma ta tsige da hannunta. Ta ce in mun same ta mu kira, za ta zo.

Na rufe shago muka shiga nema. Mahaucin farko ya ce ya ga ta rame, ya miƙa wa wani mai kiwon turke ya ciko ta. Mai turken yana can bayan gari, motar haya ta sauke mu a bakin kwalta, sauran hanyar Yaya ta taka da sanda, tana tafiya tana tsayawa tana cije leɓe. Muka tarar ba ya nan. Muka koma washegari, ya ce mun makara, an kwashe shanun an kai mayanka, da safe za a yanka su. Yaya ta juya ta kama hanyar kwalta.

Gari na wayewa muna mayanka. Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane ba: ruwa da jini suna gudu a kwata ɗaya, ƙarar wasa wuƙa, masu baro suna ihu a ba su hanya, shanu a jere da igiya a wuya ana jan su ɗaya bayan ɗaya. Ni duk iri ɗaya nake ganinsu. Yaya kuwa ta ratsa kai tsaye ta nufi wata ja mai karyayyen ƙaho can tsakiyar layi. Saniyar ta ɗago kai ta sa hanci a hammatarta tana huci. Na kira Malama, ta ce tana wata gona a ɗaya gefen garin, sai ta gama za ta taso.

Babban mahaucin, wani mai tumbi da tawul a kafaɗa, ya saurare mu da kunne ɗaya. Ya ce masu nama suna jira, shi ba ya tsayar da layi don gashi. Sauran mahautan suka samu abin dariya. Wani ya ce in jela take so ta jira a yanka, sai ta saya ta kai gida ta yi romo. Wani ya ce ko dai kakarta ce ta dawo a saniya. Yaya ta jefar da sandarta, ta zame ta zauna a cikin wannan ruwan, ta naɗe igiyar Gimbiya a ƙugunta, ƙugun da likita ya ce kada ta kuskura ta zauna a ƙasa da shi. Ta ɗaga kai ta dubi mahaucin.

"Ban hana ka yanka ta ba, maigida. Ta tsufa, na sani. Ka bari ta ba da shaida tukuna, ba ni da kowa sai ita."

Dariyar ta ragu. Mahaucin ya goge wuya da tawul ya yi tsaki, ya ce a tsallake ta a kawo ta baya. Haka aka yi ta tsallake Gimbiya, ana jan na bayanta suna wucewa ta gefen Yaya, wasu har suna taka mata zane. Rana ta take, ƙuda ya rufe su su biyun, saniyar tana kaɗa jelarta tana korar na jikinta da na jikin Yaya. Na yi ta kiran Malama har wayata ta yi zafi. Layi ya yi ta raguwa har ya zama Gimbiya ce kaɗai a tsaye, aka fara jan tiyo za a wanke wuri. Mahaucin ya zo ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, mai ita ya biya yanka yau, ba ya kwana da saniyar mutane. Yaya ta rungume ƙafar Gimbiya ta gaba da hannu biyu, ta kifa fuska a kai, ta ce sai dai su ja su tare.

Suna cikin ja da ita ne Malama ta shigo da gudu, tabarau a hannu. Ta ɗauki hoton lambar kunnen, ta ɗauki hoton saniyar, ta tsige dogon gashi daga gindi ta nannaɗe a ambulan ta manne, ta sa mahaucin ya sa hannu a matsayin shaida. Abin bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Yaya ta kwance igiyar da kanta ta miƙa musu, ta juya fuska ga bango har aka shige da Gimbiya. Da muka zo tafiya ƙugun ya ƙi, sai da maza biyu suka ɗaga ta suka sa a mota.

Labari ya riga mu isa gida. Auta ya tsaya a tsakar gida yana faɗa har jijiyar wuyansa ta fito, wai ta je ta yi musu tallan asiri a gaban mahauta. Aka daina kai mata abinci lungun, sai in ta rarrafo ta ɗauki abin da ya rage a tukunya. Ƙugun ya kumbura, ba wanda ya ce a kai ta asibiti. Ni nake miƙa mata kwano da ruwan zafi ta kan katanga, ina jin matar Auta tana cewa maƙwabta sun fi 'yan gida son mutum. Inna ta aika a gaya mata ta kira Malama ta ce ta janye. Yaya ta ce a gaya wa Inna ta ƙara haƙuri kaɗan, ta kusa ganin gaskiya da idonta. Da murna take faɗa, tana kwance a tsakanin tayoyi.

Ranar da Malama da wakili suka dawo, a tsakar gida aka zauna, ni ma ban tsaya neman dalilin shiga ba. Yaya ta yi wanka ta sa rigarta mai kyau, ta jingina da bango don ba ta iya zama. Malama ta yi magana a taƙaice. Ta ce ƙarshen gashin Gimbiya ciyawa ce zalla, tsawon watanni. Sai a wani wuri awon ya yi tsalle lokaci ɗaya, bai kuma sake sauka ba. Sun san yadda gashin jela yake tsawo a wata, sun auna sun koma baya, ko an ƙara ko an rage wurin yana faɗawa ne a tsakiyar kwanciyar Yaya a asibiti, tun ba ta iya ko juyawa a kan gado.

Auta ya fara cewa na'ura ma tana kuskure, ya koma kan tsadar ciyawa, ya koma kan yaransa. Wakili ya duba agogo ya ce daga yau tankinsu ba zai ƙara tsayawa a ƙofar nan ba. Da zai fita ya sa direbansa ya kwance allon kamfanin da ke jikin ƙofa. Malama ta riƙe hannun Yaya ta ce sunanta ya fita, sannan ta bi shi.

Yaya ta saki bango. Ta taka ba sanda, taku ɗaya-ɗaya, har gaban kujerar Inna, hawaye yana zuba tana dariya.

"Inna, kin ji ko? Kin ji da kunnenki. Ba ni ba ce."

Inna ta ɗago ta dube ta, karo na farko a cikin watannin nan.

"To da wa ya ce ke ce? Ni na riƙe masa bakin buhun ranar da ya fara haɗawa."

Yaya ta tsaya da sauran dariyar a fuskarta.

"Abu ɗaya muka nema a wajenki, ki ɗauka ki yi shiru," in ji Inna. "Shi yana da mata, yana da 'ya'ya, yana da suna a gari. Ke me gare ki da za ki rasa? Kin zaɓi ki wanke kanki, to kin wanke. Ki je ki ci tsarkin naki."

Kafin rana ta faɗi an miƙo min katifarta da jakar kayanta ta kan katanga, sandarta ce ta zo a ƙarshe. Na shimfiɗa mata a ɗakin baƙina. Ba ta yi kuka ba, ba ta ci abinci ba, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Yanzu in ka shiga unguwarmu ka tambaya, za a gaya maka wata mata ce ta kashe gidan ubanta da hannunta, ta tona wa ƙaninta asiri, ta sa wa uwarta hawan jini. Maganar kashin kajin da aka ɗura wa shanu, aka sayar wa 'ya'yan mutane madararsu, ba mai tayar da ita, wannan kuskure ne irin na neman halak. Mace ta ja karyayyen ƙugu ta zaga gari, ta yini a cikin jinin mayanka, aka kunna na'urar da ke auna abin da ido ba ya gani, duk don a tabbatar wa mutanen gida abin da suka sani tun ranar farko. Ba shaida suka rasa ba. Sun zauna ne sun duba wanda zubar da shi ya fi sauƙi, suka ga wadda ba ta da miji ba ta da ɗa, ba ta da mai tambayar inda take. Ina faɗa da baƙin ciki, kuma ban yafe musu ba, ko da yake ba ni aka yi wa ba.

Shekaranjiya da safe na same ta zaune a bakin katifa, ta sa rigar nan mai kyau. Ta ce ta yi tunani, Inna ta tsufa, bai kamata ta mutu tana fushi da ita ba, ko ta je ta ba su haƙuri. Na ce haƙurin me, su ne ya kamata su zo da gwiwa. Ta ce ban gane ba, gidansu ne. Na hana, na yi faɗa, har na tsaya a bakin ƙofa, ta ce in matsa mata don Allah.

Na bi ta a baya har ƙofar gidan. A rufe take. Ta ƙwanƙwasa da kan sandarta, ta yi sallama, ta kira Inna, ta kira yaran da sunayensu. A ciki rediyo yana yi, yaran suna guje-guje, ɗaya har ya taho da gudu yana cewa Gwaggo ce. Sai aka kashe rediyon. Muka ji muryar Inna sarai ta bayan ƙofar, tana ce wa yaran su yi shiru har ta gaji ta tafi.